Jakar Shayi a Motar Auta

…na ce ya samu! Wayyo daɗi, Auta ya samu! Ke mai wanki, ajiye bokitin nan, ruwa ba zai gudu ba. Kai mai gyaran rediyo, rage muryar abin nan, yau ni ce rediyon gidan nan. Na sama ku leƙo ta baranda, ba sai kun sauko ba, muryata za ta iso. Na san mun ishe ku kwanakin nan. Mun hana ku suya a bakin ƙofa, mun hana ku fesa maganin sauro ta tagar waje, har ana cewa mu da motarmu mun zama hukuma. To yau zan faɗa muku dalili tun daga tushe, sababbin 'yan haya ma su ji, kar su ɗauka hauka muke yi.

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Ni na goya shi. Tun yana bayana ba ya zama, sai wutsil-wutsil kamar na goya kifi. Da ya fara tafiya kuwa sai muka shiga uku. Inna ta aike shi sayen ashana, kafin ta gama faɗin abin da za a sayo ya kai bakin titi, ya dawo yana tambaya, "Me ma kika ce?" Ni firamare na gama da ƙyar na kama keken ɗinki, ga shi nan har yau a lungun nan kuna jin ƙararsa. Shi ya ɗan taɓa gaba, amma benci bai karɓe shi ba. Tuƙi ne ya karɓe shi. Abokan aikinsa Ba-Zama suke ce masa, kuma wallahi ba su yi masa ƙarya ba. Ko abinci a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a kan dakali, ido a kan waya.

Ya daɗe yana tuƙa wa wani mai sayar da kujeru, yana tarawa kaɗan-kaɗan, har ya sayi farar motar nan mai rufaffen baya da kuke gani a ƙofar gida. Ta hannu ce, ta sha duniya kafin ta zo mana. Ranar da ya kawo ta Inna ta zagaya ta tana shafawa kamar an kawo mata jika. Muka ce shi ke nan, Auta ya zama mai kansa, zai huta.

Ina hutu! Ashe tuƙin shi ne ɗan ƙaramin aikin. Babban aikin neman abin da za a tuƙa. Da yana yi wa wani aiki, kaya ne ke jiransa. Yanzu shi ke bin kaya. Waya biyu gare shi, duk biyun a hannu, ɗaya na ƙara yana amsa ɗaya. Ya bi shaguna yana gaisuwa, ya tsaya ƙofar sito yana hira da maigadi don ya ji ko za a fitar da wani abu. In ya ga an jingina katifa a bakin wani gida sai ya taka burki, ya ce waɗannan tashi za su yi. Wata rana muna tafiya biki da shi, ni da kwalliyata, ya hango mutum yana kokawa da firiji a bakin hanya. Haka na isa wurin bikin nan da firiji a bayana.

Inda ya fi samu shi ne layin motocin kaya da ke bayan babbar kasuwa. A can akwai wani dattijo, kowa Kamasho yake ce masa, shi ke raba lodi. Mai kaya ya zo wurinsa, shi kuma ya kira wanda layi ya zo kansa. Dokarsu ɗaya ce: in layi ya zo kanka, abin da ya zo shi za ka ɗauka. Ka ƙi, ka koma baya. Ka cika ƙi, a cire ka gaba ɗaya. Auta kuwa bai taɓa sanin kalmar a'a ba. Taya, fenti, siminti, busasshen kifi, kaji a keji, buhunan albasa, har awaki ya ɗauka. Kamasho yana ji da shi saboda haka, ya ce, "Ba-Zama nawa ne, ko wuta aka kawo zai ce a loda."

Amma abin da ke cin ransa shi ne dawowa. Ya kai kaya nesa, ya dawo wayam. Ya ce min, "Yaya, mota ba ta san babu komai a cikinta ba, man da ta sha da tafiya shi za ta sha da dawowa." Sai ya tsaya can inda ya sauke yana ta buge-bugen waya ko zai samu ko da kwali ɗaya ne mai zuwa nan. Wani lokaci ya samu, yawanci babu. Ga taya na ci, ga bakanike na ci. Wata rana gida a cike, wata rana Amarya, matarsa, da har yau haka muke kiranta duk da 'ya'yanta biyu, ta leƙo wurina ta ce, "Yaya, akwai sauran gishiri?" Na san ba gishirin kaɗai ba ne babu.

Sai ga wani abokinsa ya zo masa da maganar tirela. Wai ana neman direba, albashi tsayayye, amma tafiya ce mai nisan gaske, sai mutum ya yi watanni bai ga gida ba. Har da mai sayen motar ya kawo masa. Auta ya zo ya faɗa a ɗakin Inna, yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makulli. Inna ta juya fuska bango. Amarya ta tashi ta fita kamar za ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba. Ni ce na yi magana, na ce, "Kai, gwiwar Inna ba ta kai ta ko bakin titi. In ka tafi wa zai kai ta asibiti? Keken ɗinkina?"

Ya ce, "To ya zan yi, Yaya? Na gaji da farautar kaya kamar kare."

Ranar na ɗinka hannun riga a juye.

Ana cikin haka layi ya ba shi lodin kwalaye marasa komai zuwa wani ɗan kamfani da ke ƙulla ganyen shayi a fakiti. Yana saukewa, ku kun san idonsa, sai ya ga kaya jibge a bakin sito an gama ɗaurewa, babu mota. Ya tambayi mai sito. Mai sito ya ce tsohon direbansu ya ajiye aiki, motarsa ma ta mutu, suna neman mai mota da zai riƙa kai wa shaguna kullum da safe, ya kuma kwaso musu akwatunan da aka juye. Kun ji? Tafiya da kaya, dawowa da kaya, kuma kullum a gida zai kwana. Mai sito ya ce, "Amma ba ni ke ɗauka ba. Sai Madam ta duba motar. Ka zo da ita tsaf."

Tsaf ɗin nan ne ya kai shi ya baro. Ya dawo ya wanke motar nan da sabulu mai ƙamshin lemo, ya sayo 'yan abubuwan nan masu kamar bishiya da ake ratayawa a madubi, ba ɗaya ba, ya jera su. Ya sayo na fesawa ya juye gwangwani guda a baya. Shi ma ya sha wanka ya fesa nasa. Da ya wuce ta nan sai da tsohuwar ɗakin ƙarshe ta yi atishawa. Dukanmu muka ce kai, wannan mota ko amarya za a ɗauka sai haka.

Kafin azahar ya dawo, fuska kamar an mare shi. Ya zauna a kan buhun ƙyallayena, abin da bai taɓa yi ba, ya kwaikwaya min yadda aka yi. Wai Madam wata 'yar siririyar mata ce da farar riga, ita ke ɗanɗana shayin kafin a ƙulla. Ta zo ta ce ya buɗe baya. Ya buɗe yana murmushi. Ta sa kai ciki, ta ja numfashi, ta ja da baya.

Ta ce, "Kifi."

Ya ce, "Madam, ai wannan tun…"

Ta ce, "Taya. Fenti. Akwai akuya ma a can kusurwa. Sannan wani ya zo ya yi musu duka wanka da turare."

Ya ce shi dai ya rasa inda zai sa kansa, ma'aikata na leƙowa suna dariya. Amma ba ta wulaƙanta shi ba. Ta yi masa bayani, ta ce ganyen shayi yana shan wari kamar yadda tsumma ke shan ruwa. In ya yi tafiya ɗaya a motar nan, wanda ya saya zai dafa ya ji kifi da lemo a kofinsa, kuma ba motar zai zaga ba, su zai zaga. Ta ce turaren ma ya fi kifin illa, don shi an yi shi ne musamman ya kama abu. Ta ce, "Malam, ba ƙamshi nake nema ba. Motar da in na sa kai ba zan ji komai ba, ita nake nema. In ka samu irinta ka dawo."

Tun daga ranar ya raɗa mata Madam Hanci.

Ni na ɗauka zai ce a kira mai saye. Sai na ga ya miƙe ya ɗauko ƙarfen cire ƙusa. Kun tuna ranar da aka cika gidan nan da ƙara? Katakon da ke shimfiɗe a bayan motar ya ɓamɓare. Jama'a, abin da muka gani a ƙarƙashi! Ruwan kifi ya bi ya jiƙa katakon ya yi baƙi, ga ƙwayar albasa har ta yi tsiro, ga gashin kaza. Amarya ta toshe hanci ta ce, "Ashe a cikin wannan kake ɗauko mu?" Ya ce, "Ai ba ki taɓa ƙorafi ba." Ta ce, "Na ɗauka kai ne."

Kafinta ya zo ya shimfiɗa sabon katako, fes, har muna tafi. Washegari da safe Auta ya buɗe ya ce, "Yaya, zo ki shinshina." Na sa kai. Gam! Warin gam ɗin sabon katakon ya cika motar kamar shagon mai gyaran takalmi. Ya dafe kai ya zagaya motar, ya sake zagayawa, ya ɗauko ƙarfen nan ya sake ɓamɓarewa. Kafinta ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin wanda ya biya a sa kuma ya cire da hannunsa ba. Aka bar ƙarfe tsirara. Muka dafa ruwan zafi tukunya-tukunya muna sheƙawa, babu sabulu ko ɗigo. Muka zuba gawayi a kwanduna muka jera ciki, aka bar ƙofofi a buɗe rana ta yi ta duka. Ya cire rigunan kujeru na wanke da ruwa zalla. Bishiyoyin madubin nan kuwa ya ba yara, suka rataya wa kekunansu.

Kullum da safe ni ce mai shinshinawa, har hancina ya saba ya daina jin komai. Sai muka koma tare masu wucewa. Auta ya tsayar da mai kawo wasiƙa ya ce, "Don Allah malam, sa kanka a nan ka faɗa min me ka ji." Mutumin ya ɗauka sace shi za a yi.

Da ya koma, Madam Hanci ta sa kai ta daɗe. Ta fito ta ce, "Da sauƙi." Auta ya fara godiya, ta ɗaga hannu. Ta ce mota a wanke a buɗe kowa zai iya kawowa, ita tana so ta san yadda motar take in tana aiki. Ta shiga ciki ta fito da wata 'yar jakar yadi cike da ganyen shayi, ba ta fi dunƙulen hannu ba. Ta rataye ta a ƙarfen rufin baya, ta ɗaure da wani zaren roba mai lamba, irin wanda in an ja sai dai a yanke. Ta ce, "Je ka ci gaba da aikinka yadda ka saba. Ƙarshen mako mai zuwa ka dawo min da ita, in dafa in sha. Abin da ka ɗauka duk za ta faɗa min."

To daga nan ne fa muka shiga abin da kuka gani. Mutumin da bai taɓa ƙin kaya ba, yanzu waya na ƙara sai ya fara da, "Mene ne kayan?" A ce taya, ya rufe ido ya ce mota ba ta da lafiya. A ce sabulun wanki, ya ce yana nesa. Yana ajiye wayar sai ya kama zagaya tsakar gida yana magana shi kaɗai. Abin da ya ɗauka a makon nan bai taka kara ya karya ba: kujerun ƙarfe, kwanukan tangaran, gilashin taga. Su ma sai ya shinshina su tukuna, masu kaya na kallonsa. Ya daina cin abinci a mota, ya daina shafa turare, ya hana Amarya sa wa kayansa abin ƙamshi a wanki. In ya tsaya a danja kusa da motar shara sai ya ɗaga gilashi yana salati.

Kai mai gyaran rediyo, kar ka sunkuyar da kai, kai ne ka ce masa ya sa jakar a leda ya ƙulle, ya yi aikinsa, in ranar ta zo ya cire. Ba laifinka ba ne, tausayi ne. Na ga yana kallon ledar da ka miƙo, har ya karɓa. Sai ya ce, "In na rufe wa jakar hanci, lodin farko wa zai rufe masa? Ranar za su kore ni, kuma da baƙin suna." Ya mayar maka da ledarka.

Sai ranar asibitin Inna ta zo. Kun san Inna da man zafi, kullum gwiwarta a shafe, tun daga ƙofar ɗaki kake jin ta. Motar kuwa gaba da baya iska ɗaya ce, babu bango a tsakani. Inna ta shirya ta fito da sandarta ta nufi mota. Auta ya sha gabanta ya ce, "Inna, yau tasi na kira miki."

Ta ce, "Tasi? Motarka ta lalace?"

Ya ce, "A'a, lafiyarta lau. Man nan ne na gwiwarki."

Inna ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ka ɗauki akuya, ka ɗauki kifi, yau ni da na haife ka ni ce mai wari?"

Ya durƙusa yana, "Inna ba haka ba ne, ganyen ne ba ya so." Ta ce, "Ka gaishe min da ganyen." Ta shiga tasi ta ƙi kallonsa. Haka ya bar motarsa a ƙofar gida ya zauna gaban tasin wani, ƙafarsa na taka burkin da babu. A hanyar dawowa ne ta sauko, ta ce min a hankali, "In wannan ganyen zai hana shi tafiya, gobe ma ba zan shafa ba." Kuma ba ta shafa ba, ta kwana biyu tana cije baki.

Babban abin kuwa a gabana aka yi shi. Na je kasuwa sayen zare, na ce bari in biya ta layi in gan shi. Na tarar motoci duk sun fita sai tasa. Ga wani babban mai kaya, wanda ya fi kowa kawo wa layin aiki, yana tsaye da jarkoki jibge, man da ake sirka fenti da shi. Tun daga nesa warinsa yake hawa kai. Kamasho ya ɗaga hannu ya ce, "Ba-Zama, juyo da baya, naka ne."

Auta bai motsa ba. Ya ce, "Baba, a yi min haƙuri da wannan."

Kamasho ya ce, "Ban ji ba."

"Na ce a yi min haƙuri. Ba zan iya ɗauka ba."

"Motar ce ba lafiya ko kai?"

"Duk lafiya, Baba. Akwai abin da na rataya a ciki."

Kamasho ya je ya leƙa, ya ga 'yar jakar nan tana lilo. Ya juyo ya ce, "Saboda wannan? Shekaranjiya ka ƙi taya na yi shiru, jiya ka ƙi albasa na ce yaro ne, wata rana sai haƙuri. Yau ka dubi mutumin nan, ka dubi furfurata, ka ce min ɗan ƙullin ganye ya fi mu? Sun ɗauke ka aikin ne?"

Auta ya ce, "Ba su ɗauka ba tukuna."

"Sun yi maka alkawari?"

"A'a."

Masu dako suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ba-Zama ya auri shayi!" Mai kayan ya duba agogo ya ce in babu mota zai koma wani layin, kuma in ya koma ya koma ke nan. Kamasho ya sassauta murya, ya dafa kafaɗar Auta, ya ce, "Ɗana, ranar da ka zo nan ba ka san kowa ba, ni na sa ka a layi. Yau ni ke roƙo. Tafiya ɗaya ce. Ka fitar da ni kunya."

Wallahi ni da ke gefe sai da na ji kamar in ce masa ɗauka. Don gaskiya dattijon nan ya yi mana rana. Na ga hannun Auta ya tafi aljihu wurin makulli, ya fito da shi, ya mayar. Gumi na bin wuyansa. Ya ciro wayoyinsa ya ce, "Baba, bari in nemo maka wata motar yanzu, na san masu…" Kamasho ya ce, "Ban tambaye ka wata mota ba." Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "To ka yafe min."

Kamasho ya janye hannunsa. Ya ce, "Ja motarka daga layina. In shayin ya ƙi ka, kar ka dawo nan."

Muka kama hanyar gida. Zaren ma ban saya ba. Sai da muka kusa ya ce, "Yaya, na yi wauta ko?" Na ce, "Ban sani ba, Auta." Don ban sani ba ɗin.

Ranar da aka sa ya mayar da jakar. Madam ta duba lambar, ta yanke zaren, ta jefa jakar a aljihun farar rigarta ta ce, "Zan kira ka." Shi ke nan. Ko shinshinawa ba ta yi ba a gabansa.

Sai jira. Babu layi, babu shayi. Kun gan shi kwanakin nan, ya share tsakar gida da ba aikinsa ba, ya gyara famfon da bai lalace ba, ya warware min zare ya sake naɗewa. Ya sa ni in kira wayarsa don ya ga ko tana shiga. Na kira, ta shiga, ya ce in kira ɗayar. Abokin nan na tirela kuma ya matsa, wai ana jiran amsa, in bai so akwai masu so. Jiya har ya turo mai sayen motar. Mutumin ya zo da taba a baki zai shiga gaba, Auta ya tare ƙofa ya ce, "Malam, kashe ta tukuna." Mutumin ya ce, "Motar da zan saya?" Auta ya ce, "In ka saya ka sha har da ashanar. Yanzu dai tawa ce." Mutumin ya zagaya ta daga waje, ya ce zai dawo yau da yamma a gama magana. Da ya tafi na ji Amarya tana kakkaɓe babbar jakar tafiya a ɗaki, ba wanda ya sa ta. Inna kuwa ta ce a rufe mata ƙofa.

Yau da safe ya zo lunguna ido ja, ya ce, "Yaya, sa min wannan a caji, zan watsa ruwa. In yamma ta yi ba a kira ba, kawai zan ba shi makullin." Ya ajiye wayar a kan keken ɗinkina ya shiga banɗaki. Ina cikin taka keke na ji abu na rawa kusa da almakashi. Na duba, ga shi ya rubuta da manyan baƙaƙe, MADAM HANCI. Na ɗauka na ce, "Salamu alaikum, yayarsa ce, don Allah kar ki kashe, yana wanka!" Na ruga na daki ƙofar banɗaki da ƙafa. Ya fito da tawul, kumfa a kunne ɗaya. Na buɗe muryar wayar don ni ma in ji, ba zan iya jiran a ba ni labari ba.

Ya ce, "Ina kwana, Madam."

Ta ce, "Lafiya lau. Ka yi haƙuri na daɗe, mura ce ta kama ni, ba na jin ɗanɗanon komai, ban so in yanke maka hukunci da toshasshen hanci. Yau na warke, na dafa ganyenka."

Auta ya kama ƙofar banɗaki ya riƙe. Ya ce, "To, Madam."

Ta ce, "Na sha kofi ɗaya, na ba mai sito ɗaya, ban faɗa masa daga ina ba. Ni da shi shayi kawai muka ji."

Ya zuba wa wayar ido. Na dungure shi.

Ta ce, "Kana ji na? Gobe da safe ka kawo motar bakin sito, lodin farko na jiranka. Kullum ne, ban da ranar hutu."

Ya ce, "Madam, in zo yanzu?"

Ta ce, "Gobe na ce, malam. Je ka ƙarasa wankanka."